Takardar likita za ta sa a bar Hajiya ta hau jirgi da kyanwarta da akunta?

Ɗan Kurna:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina roƙon masu ilimin harkar jirgin sama da na dabbobi su ba ni haske. Mahaifiyarmu tun rasuwar Baba take fama da ciwon damuwa, tana ganin likita, tana shan magani. Abin da muka lura yana kwantar mata da hankali shi ne kyanwarta, sai kuma wani aku mai jan wutsiya da Baba ya bari. Yanzu ƙanwata da ke aure a Jamus tana so Hajiya ta je ta zauna a wajenta, Hajiya kuwa ta ce ƙafarta ƙafar kyanwar nan, kuma in da hali har akun.

An turo mini hoton wata mata a filin jirgin Amurka da ɗawisu, aka ce can in dai likita ya rubuta cewa dabba tana sanyaya wa mutum zuciya, ko wace iri ce dole kamfani ya bar shi ya hau da ita, kuma kyauta. Shin haka ne? In likitan Hajiya ya ba mu takarda, za ta yi aiki daga filin jirgin Malam Aminu Kano? In ba za ta yi ba, ta ina za mu ɓullo?

Mai Tikiti na Fagge:

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba, ya ba Hajiya lafiya. Wanda ya turo maka hoton ya ba ka rabin labari ne, kuma labarin ya tsufa.

Ɗawisun nan ba a bar shi ya hau ba. A watan Janairun 2018 ne a filin jirgin Newark, matar har kujera ta saya masa, amma kamfanin United ya ce girmansa da nauyinsa sun wuce ƙa'ida. Gaskiya ne a wancan lokacin dokar Amurka tana ɗaukar dabbar da ke ɗebe wa mai ciwon damuwa kewa kusan daidai da karen da ke yi wa makaho jagora: ka kawo wasiƙar likita, ka hau da ita ba ko sisi. Shi kuwa mai dabbar gida kawai sai ya biya wajen dala 125 a kowace tafiya. Ka ga ƙofar da aka buɗe. Sai shafukan intanet suka shiga sayar da wasiƙun likita ga duk mai kuɗi, ba tare da an ga mara lafiya ido da ido ba. Ƙungiyar kamfanonin jiragen Amurka ta ƙiyasta irin waɗannan dabbobi sun tashi daga 481,000 a 2016 zuwa 751,000 a 2017.

Daga nan abubuwa suka riƙa lalacewa. A 2014 an sauke wata mata da aladenta daga jirgin US Airways a jihar Connecticut, bayan ya yi kashi a hanyar tsakiyar kujeru yana ta ihu. An ga talotalo a kujerar jirgin Delta a 2016, an ga agwagwa a wani jirgin a shekarar. A 2018 a Orlando sai da aka sauke fasinjojin jirgin Frontier kaf saboda wata ta ƙi fita da kuregenta. Mafi muni shi ne na 2017 a Atlanta, inda wani kare da ke kan cinyar mai shi ya yayyaga fuskar fasinjan da ke zaune gefen taga, aka yi masa ɗinki 28. Dalilin duk ɗaya ne: dabbar da ba a horar ba, a saka ta cikin ƙarar inji da cunkoso da warin da ba ta sani ba, tsoro zai sa ta cizo ko ta saki fitsari, komai sanyin halinta a gida.

Saboda haka Ma'aikatar Sufuri ta Amurka ta sake doka a Disambar 2020, ta fara aiki ranar 11 ga Janairun 2021. Yanzu dabbar da dole kamfani ya ɗauka kyauta ita ce kare kaɗai, wanda aka horar ya yi wani takamaiman aiki ga mai lalura, ko ta jiki ko ta ƙwaƙwalwa. Ba fiye da biyu ga mutum ɗaya ba, da igiya a jikinsa, ya iya kwanciya a gaban ƙafar mai shi, a cike fom ɗin ma'aikatar, in tafiyar ta kai awa 8 a ƙara wani fom na yadda zai yi bahaya. Kyanwa da tsuntsu da sauransu duk sun koma dabbobin gida, a biya musu, a bi sharaɗin kamfani.

Kuma ka lura, ko a zamanin da dokar ke da sauƙi, ta jiragen Amurka ce da masu shiga ko fita daga can, kuma kamfanonin waje kare kaɗai aka wajabta musu. Jirgin da ya tashi daga Kano zuwa Addis Ababa ko Alƙahira ko Doha bai taɓa shiga ciki ba. Don haka takardar likitan Hajiya ba za ta buɗe wa kyanwa ƙofar jirgi ba.

Amma kyanwar za ta iya tafiya, a matsayin dabbar gida. Kamfanoni da yawa suna karɓar kyanwa a cikin ɗakin fasinja in nauyinta haɗe da jakarta bai wuce kilo 8 ba. Lufthansa, mai tashi daga Abuja da Legas zuwa Frankfurt, jakar da yake karɓa ba ta wuce santimita 55 a tsawo, 40 a faɗi, 23 a tsaye, domin ƙarƙashin kujerar gaba za ta shiga, kuma kyanwar ba ta fitowa har a sauka. Qatar Airways kuwa ba ya barin kyanwa a ɗakin fasinja, sai a wajen kaya. Abin da yake bari a sama shi ne karen jagora da shaho, saboda matsayin farauta da shaho a wajen Larabawan yankin. To kar a sayi tikiti don araha kawai sannan a zo ana tambaya.

Lokacin yankar tikiti ka ce a sa maka PETC a cikin bukin, wato rajistar tikitin, ita ce alamar dabba a ɗakin fasinja; AVIH ita ce ta wajen kaya. Kar ka yarda da "an sa" ta baki, a nuna maka an tabbatar a rubuce, domin kowane jirgi yana da adadin dabbobin da yake ɗauka, in ya cika ya cika. A nema tun ranar sayen tikiti, kar a bari sai saura kwana biyu. Inda aka fi faɗawa rami shi ne tafiya mai zango biyu: tikiti ɗaya ne amma jirgi na biyu na wani kamfani ne, kuma dokar mai jirgin ake bi, ba ta wanda ya sayar da tikitin ba. Haka in za a bi jirgin cikin gida daga Kano zuwa Abuja, wannan ma izininsa daban ne. Ni a ganina mota mai sanyi daga Kano zuwa Abuja, sannan jirgi ɗaya kai tsaye, ya fi wa dattijuwa da kyanwa sauƙi a kan yada zango na awanni a wata ƙasa.

Likitan Dabbobi, Gwale:

Malam Mai Tikiti ya gama da ɓangaren jirgi. Ni abin da zan ja hankalinka a kai, ɗan'uwa, shi ne jirgi ba shi ne babbar matsalar ba, Jamus ce. Nijeriya tana cikin ƙasashen da ciwon haukan kare bai gushe ba, don haka Tarayyar Turai tana da matakai, kuma jerinsu yana da muhimmanci kamar su kansu. In aka gabatar da na biyu kafin na farko, an koma farko.

Da fari a sa wa kyanwar ƙwayar shaida, wadda muke ce wa cif. Girmanta kamar ƙwayar shinkafa, da allura ake tura ta ƙarƙashin fata a wajen wuya ko tsakanin kafaɗu, tana ɗauke da lamba 15. Ta zama mai ƙa'idar ISO 11784, domin ita na'urarsu ke karantawa. A ɗora na'ura a karanta lambar a gabanka, ka gwada da wadda aka rubuta a kati. Lamba ɗaya in ta kuskure a takarda, a wajensu wata kyanwa ce daban.

Bayan cif, ko a rana ɗaya, sai rigakafin haukan kare. Duk allurar da aka yi mata kafin a sa cif ba ta cikin lissafi, domin babu shaidar ita aka yi wa. Kyanwar ta kai mako 12 da haihuwa. Ka tambayi irin allurar: a nan ana samun mai ƙwayar cuta da aka raunana amma tana da rai, Turai kuwa ba ta karɓar wannan, sai wadda aka kashe ƙwayar ko aka haɗa ta hanyar fasahar ƙwayoyin halitta. A manna takardar jikin kwalbar a kati, da lambar rukuni da ranar lalacewa, da sa hannu da hatimi.

A jira aƙalla kwana 30, sannan a ɗebi jini, kamar mililita 2 zuwa 3, a juya shi a na'ura a raba ruwan jinin, a sa cikin ƙanƙara a tura ɗakin gwajin da Tarayyar Turai ta amince da shi. Galibi waje ake turawa, Afirka ta Kudu ko Turai. Sakamakon da ake nema shi ne garkuwa ta kai 0.5 IU a kowace mililita. Sannan a ƙirga wata 3 cur daga ranar da aka ɗebi jinin, ba daga ranar da sakamako ya fito ba. Hikimar jiran ita ce ciwon yana iya ɓuya a jikin dabba na makonni kafin ya bayyana. Ka ga mafi ƙaranci wata 4 ke nan daga ranar cif, ni kuwa ina ba da shawarar a ƙaddara 5.

Me ke sa gwajin ya faɗi? Mafi yawa sanyi ne. Allurar tana son zama tsakanin maki 2 zuwa 8, kuma kowa ya san halin wutarmu. Kwalbar da ta wuni a firij ɗin da ya mutu a watan Afrilu ruwa ce kawai. Sai jinin da zafi ya ɓata a hanya, sai kyanwa mai tsutsar ciki ko rama wadda jikinta bai amsa allurar da kyau ba. Shi ya sa ake ba ta maganin tsutsa tun kafin rigakafi. In sakamako ya gaza, sai a sake allura, a sake jiran kwana 30, a sake ƙirga wata 3.

Na ƙarshe takardar lafiya a kan fom ɗin Tarayyar Turai, wadda likitan gwamnati zai sa wa hannu ko ya tabbatar, kwana 10 kacal take aiki kafin isa. Da ita da takardar izinin fitar da dabba, ka je ofishin hukumar killace dabbobi da tsirrai, NAQS, da ke filin jirgi tun da wuri su faɗa maka abin da za ka kawo. Akwai kuma rubutacciyar shaida da Hajiya za ta sa wa hannu cewa ba sayar da kyanwar za a yi ba. In takardu ba su cika ba, hukumar can tana da ikon killace dabbar ko mayar da ita, duk a aljihunku, in abin ya ƙi ma a kashe ta. Wannan ne nake gudar wa Hajiya fiye da komai.

Ga wanda ke karantawa yana nufin Ingila: matakan jini iri ɗaya ne, amma can dabbar gida ba ta shiga a ɗakin fasinja, sai ta hanyar kago, wato a tura ta a matsayin kaya.

Ɗan Kurna:

Allah ya saka da alheri, na fahimta. Saura biyu. Likita, wani ya ce a ba ta rabin ƙwayar barci kafin a tashi don kar ta dami mutane da kuka. Sannan kyanwar irin ta Larabawa ce mai yawan gashi da shafaffen hanci. Akun fa, ba wanda ya taɓo shi.

Likitan Dabbobi, Gwale:

Kar a ba ta, don Allah. Iskar cikin jirgi a sama daidai take da ta tudun da ya kai mita 1,800 zuwa 2,400, wato kusan ninkin tsayin Jos. Maganin barci yana saukar da bugun jini, yana rage numfashi, ga iskar da ma ta ragu. Kuma dabbar da ke cikin maye ba ta iya tokare jikinta in jirgi ya yi gargada, in ta yi amai tana iya shaƙewa. Ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, ta yi gargaɗi a kan haka, kuma ma'aikacin kanta in ya ga dabba a sume yana iya ƙin karɓarta. Maganin mutane kuwa ya fi haɗari: farasitamol ƙwaya ɗaya tana iya kashe kyanwa. In tana da firgici sosai akwai abin da likita zai iya rubutawa daidai nauyinta, a gwada a gida kwanaki kafin tafiya.

Tunda mai shafaffen hanci ce, maganar wajen kaya ta mutu. Hanyar numfashin irinsu ƙunci gare ta, zafi da tsoro suna toshe ta, kamfanoni da dama ma sun daina karɓar su a ƙasan jirgi. Ba cikin jirgin ne abin tsoro ba, lokacin da keji ke zaune a kan kwalta ana jiran lodi ne. Wasu kamfanonin Amurka suna dakatar da ɗaukar dabba a wajen kaya in zafi ya haura maki 29, ka kwatanta da Kano da ke wuce 40 a bazara. To a auna ta yau tare da jakar. In tana kusa da kilo 8, akwai wata huɗu na rage mata ƙiba a hankali.

Maganin kukan shi ne sabo. A sayi jakar tun yanzu, mai taushi mai raga a gefe, ƙasanta ba ya yoyo, wadda za ta iya tsayawa ta juya a ciki. A ajiye ta a buɗe a ɗakin Hajiya, a riƙa sa abinci a ciki, a shimfiɗa tsohon mayafin Hajiya da ba a wanke ba. Bayan mako biyu a fara zuge zif na minti goma, a ƙara zuwa awa, sannan a riƙa zagayawa da ita a mota. Ranar tafiya abinci kaɗan awa 4 zuwa 6 kafin tashi, ruwa kuwa kar a hana ta. A shimfiɗa abin tsotse fitsari irin na jarirai, a riƙe guda uku a jaka.

Malamar Gandun Daji:

Batun aku, ɗan'uwa, ka yi haƙuri, a bar shi a gida. Aku mai launin toka da jan wutsiya yana rukuni na ɗaya, mafi tsauri, a yarjejeniyar CITES ta taƙaita cinikin namun dajin da ke neman ƙarewa, tun taron Johannesburg na 2016, aka fara aiki da shi a Janairun 2017, saboda kamun da ake yi masa a dazuzzukan Afirka ta Yamma da ta Tsakiya ya kusa ƙarar da shi. Kafin ya tsallaka iyaka sai da izinin fitarwa daga Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya da izinin shigarwa daga Jamus, kuma dukansu za su tambayi asalinsa: yaushe aka same shi, a ina, a keji aka ƙyanƙyashe shi ko daga daji aka kamo. Akun da aka saya a kasuwa shekaru da suka wuce, ba zobe a ƙafa ba rasit, da wuya ya amsa waɗannan tambayoyi. Ga kuma murar tsuntsaye, wadda ta fara ɓulla a Afirka a nan Arewa a 2006, Kaduna da Kano na cikin wuraren farko, don haka tsuntsu daga nan sai an killace shi an gwada.

Masu cewa a sa shi a kwali ko a cikin riga, suna jawo wa dattijuwa tuhumar fasa-ƙwaurin namun daji ne, kuma tsuntsun ƙwace shi za a yi. A samu mutum ɗaya a gida da akun ya saba da shi ya riƙa kula da shi a inda yake, domin aku in ya shiga kaɗaici figar gashin kansa yake yi. Hajiya ta riƙa yi masa magana ta kiran bidiyo, yana gane murya.

'Yar Dawanau:

Ina so in ƙara wani abu ta fuskar lafiyar Hajiya, don kar a ɗauka tunda kamfanoni sun rufe ƙofar to maganar wasa ce. Shaƙuwar mai ciwon damuwa da dabba gaskiya ce. Kyanwa tana sa mutum ya tashi da safe don ya ba ta abinci, ga ɗumin jiki a kusa, ga wanda za a yi wa magana a ɗakin da ya yi shiru bayan rasuwa. Mu ma ba baƙon abu ba ne a wajenmu, sahabin da ya fi kowa ruwaito hadisi da 'yar kyanwa aka yi masa laƙabi. Kar kowa a gida ya yi mata dariya a kai.

Amma ku zauna da likitanta a kan tsawon zaman. Bizar ziyara ta Turai kwana 90 ce cikin 180. In wata biyu ko uku za ta yi, shirin kyanwar ya fi zaman tsawo, ga kuma izinin shigo da ita Nijeriya a dawowa. In zaman na dogon lokaci ne, wahalar ta cancanta, sai a ɗaga tafiyar har takardu su kammala. Ƙanwarka kuma ta duba yarjejeniyar hayar gidanta ko an yarda da dabba.

Takardar likitan tana da amfani, amma a wani wajen. A rubuta ta da Turanci, da sunan kowane magani na asali da adadin da take sha a rana, a sa magungunan a kwalinsu cikin jakar hannu. Wasu magungunan barci da na damuwa suna ƙarƙashin tsauraran dokoki a can. Kar ta yanke magani saboda ruɗanin tafiya, a tambayi likita yadda za a daidaita lokacin sha. A kuma nema mata keken guragu a bukin, kyauta ne, zai sa wani ya raka ta daga kanta har ƙofar jirgi, hannunta ya samu sararin riƙe jakar kyanwa.

Mai Tikiti na Fagge:

Na manta da wajen bincike, kuma nan ne kyanwa ta fi kuɓucewa. Ba a tura dabba cikin na'urar haska kaya. Za a ce a fito da ita, jakar ta bi na'ura, mai ita ya rungume ta ya wuce ta ƙofar bincike. A sa mata ɗamarar ƙirji mai igiya tun daga gida, ba ta wuya kaɗai ba don tana zamewa, kuma a roƙi jami'an su yi binciken a ɗaki mai ƙofa. In akwai mai rakiya, shi ya riƙe ta, ba Hajiya ba.

Ku isa kanta awa 3 zuwa 4 kafin tashi, domin mai dabba ba ya gama rajista ta waya, sai an auna an duba takardu an biya kuɗinta. Ba za a ba ta kujerar ƙofar gaggawa ba, ko layin farko da ba kujera a gabansa. Ku nemi gefen taga. Asalin takardu duka a jakar hannu, kwafi biyu a wata jakar, hotonsu a waya. In an sauka Frankfurt, bayan ɗaukar kaya a bi ta jar ƙofar kwastan, ba koriya ba, a ce ga dabba, su karanta cif ɗin su buga hatimi a takardar lafiyar.